Ranar da Aka Ƙirga Yatsun Mama Mai Doya

Abubuwa da yawa sun same ni a wannan sana'a ta zane, wasu na manta, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata safiya guda da na tabbata ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina, ita ba za ta goge ba. Ita ce safiyar da na zauna a kan wani kifaffen daro a tsakiyar kasuwar doya ta Agyaragu, ɗan yatsana a kan fuskar waya, ina ƙoƙarin nuna wa mutanen da ban taɓa gani ba cewa ni ba maƙaryaciya ba ce.

A Azuba muke zaune, nan gefen Lafia. Ummanmu sakwara take sayarwa da miyar agushi a wata rumfa ta bakin titi, yayana kuma direban keke mai ƙafa uku ne. Ni lalle nake yi tun ina sakandare, amare da 'yan biki su ne kwastomomina. Daga lallen ne na faɗa zanen waya. Wata ƙawata ce ta saka mini manhajar zane a tsohuwar wayar da Yaya ya bar mini, ta ce tunda ina iya fitar da fure a tafin hannun amaryar da ta ƙi zama wuri ɗaya, ai gilashi ba zai gagare ni ba. Ba ni da alƙalamin zane, ba ni da babbar na'ura irin ta ƙwararru. Ɗan yatsana ne kawai, sai waya mai tsagaggiyar fuska ta ɓangaren hagu, wadda in ka yi ganganci sai ta yanke ka.

Gara in faɗi halina tun yanzu. Ina son a yaba mini, kuma ba na son a ga gazawata. Da na buɗe shafi a soshiyal midiya ina ɗora zane-zanena, sai na raɗa masa wani suna mai ƙamshin kamfani, kai ka ce wani ofis gare ni mai na'urar sanyaya ɗaki a Abuja. In wani ya tambaye ni da wace na'ura nake aiki, sai in ce sirrin sana'a ne, in saka alamar dariya. Sannan ina da wata ɗabi'a wadda duk mai zanen waya in ya ji sai ya riƙe baki. Manhajar nan tana naɗar duk layin da ka ja, tun daga na farko har na ƙarshe, ta haɗa maka shi ya zama ɗan bidiyo. Masu zane suna ɗora wannan bidiyon tare da aikinsu don a ga yadda aka yi. Ni kuwa da zarar na gama zane na fitar da hotonsa, sai in goge bidiyon, in goge fayil ɗin aikin gaba ɗaya. Ina ce wa kaina ai wayar ce kullum take kukan ba wuri, ga hotunan lalle sun cika ta. Hakan gaskiya ne, amma akwai saura. Ba na son a ga na goge hanci guda sau ashirin kafin ya zauna. So nake a ɗauka ina taɓa gilashi abu yake fitowa.

Matar da labarin nan yake kanta 'yar ƙabilar Tibi ce, daga wajen Binuwai, ta daɗe tana sayar da doya a Agyaragu. Wurinta Umma take saro doyar sakwara shekara da shekaru, mu dai Mama muke ce mata. Doguwa ce, baƙa, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika, kullum da ɗaurin kai mai ratsin baƙi da fari irin nasu. Wata ranar kasuwa na raka Yaya ɗauko doya, yana can yana lodi a keke, ni kuma na samu gefe na zauna. Sai ga wani mai saye ya zo ya yi wa wata ƙatuwar doya tayin wulaƙanci. Mama ta ɗaga doyar sama da hannun hagu, ta kwashe da dariya har tana jefa kai baya, tana tambayarsa ko ya ɗauka rogo take sayarwa. Abin ya burge ni. Na zaro waya a ɓoye na shiga jan layuka da sauri kafin ta sauke hannun. Mai lalle hannu take fara gani a jikin mutum, don haka na lura cewa gefen ƙaramin yatsanta akwai wani na shida, cindo, ɗan mitsitsi da farcensa. Na zana shi yadda na gan shi, ban ma tsaya tunani a kai ba. Ban ɗauki hotonta ba, ban kuma ce mata komai ba.

Mako biyu na yi ina gyara zanen nan, kullum da safe kafin masu lalle su fara sallama. Na ba ƙasar jikin doyar haƙƙinta, na fitar da gumin goshin Mama, na zauna a kan ratsin ɗaurin kan har idona ya yi ja. Da ya kammala na san na yi abin da ban taɓa yin irinsa ba. Na fitar da hoton, na goge fayil kamar yadda na saba, na ɗora a shafina wata Juma'a da safe, na rubuta a ƙasa: Mama mai doya, Agyaragu.

Kafin a sauko daga masallaci wayata ta fara abin da ban taɓa gani ba. Da can in na ɗora zane, ƙawayena ne da 'yan ajinmu za su danna alamar so, wani ya rubuta masha Allah, shi ke nan. Ranar nan kuwa wayar rawa take yi a hannuna ba tsayawa. Wani ya ɗauka ya yaɗa, wani ya ɗauka daga wurinsa, kafin yamma mutanen Makurdi sun cika mini shafi. Wata ta rubuta cewa mahaifiyarta da ta rasu ta gani, wani da ke ƙasar waje ya ce har ƙamshin ƙasar doya ya ji. 'Yan Jos, 'yan Kano, 'yan Legas, kowa da yarensa. Washegari wani babban shafi da ke tattara ayyukan masu zane na Arewa ya ɗauka ya saka da sunana, suka ce zai shiga cikin zaɓaɓɓun ayyukan watan. A wannan harka tamu, shafin nan shi ne ƙofa. In suka saka ka, to masu neman a zana musu iyaye da amare da tambarin shago sun san da zamanka. Saƙonni kuwa suka fara shigowa, wannan yana son a zana masa kakarsa, waccan tana tambayar ko ina yin babba na ratayewa a falo.

Na rasa inda zan sa kaina don murna. Ina taya Umma kirɓa doya ina rawa da taɓarya. Na zuba wa wani kwastoma miya sau biyu, na manta ban ba shi sakwara ba. Umma ta dube ni ta ce, "Ke wai lafiyarki ƙalau kuwa?" Na ce, "Umma, 'yarki ta zama shahararriya." Ta faɗi wata magana da yarenmu na Gwandara wadda ba zan fassara ba, sannan ta ce shahararriya ta je ta wanke kwanuka. Na wanke su kuwa, bakina har kunne, ina leƙa waya da jiƙaƙƙen hannu.

A rana ta uku abin ya juye. Akwai wani mai zane da ake ji da shi, mabiyansa ba sa ƙirguwa, ni kaina daga bidiyoyinsa na koyi yadda ake sa inuwa a fuska. Ya ɗauki zanena ya zagaye hannun Mama da jan layi, ya rubuta cewa jama'a su ƙirga yatsun nan. Shida ne, in ji shi, kuma babu mai zane da hankalinsa da zai yi wannan kuskure, aikin AI ne. Lokacin ne manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira suka cika gari, waɗanda za ka rubuta musu abin da kake so su fito maka da hoto cikin ƙiftawar ido. Kowa ya san a hannu suke tona wa kansu asiri, sai su yi yatsu shida ko bakwai. Masu zane na gaske sun tsane su, kuma duk wanda aka kama ya kawo irin wannan hoton ya ce aikin hannunsa ne, to sunansa ya mutu a harkar. Mutumin ya rufe da cewa in ni na zana, in kawo bidiyon aikin, ai kowace manhaja tana ajiyewa.

Na shiga wayar nan na birkice ta, babu lungun da ban duba ba, amma ni da hannuna na share komai tas. Na rubuta cewa wallahi haka hannun matar yake, sai maganar ta zama abin dariya. Wani ya ce to gobe kuma ki zana mai kai biyu ki ce maƙwabcinku ne. Waɗanda jiya suke kirana gwana, yau su ne ke rubuta mayaudariya. Babban shafin nan ya sauke zanen, suka aiko mini da saƙo cikin ladabi cewa suna jiran hujja zuwa ƙarshen mako, in babu za su sanar da mabiyansu cewa an yaudare su. Masu neman in yi musu zane suka yi tsit. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan ne aiki mafi gaskiya da na taɓa yi, kuma shi ne zai sa a riƙa nuna ni ana cewa ga mai ƙaryar iya zane.

Na zauna na rubuta wa mutumin nan amsa mai tsawo, har tarbiyyarsa sai da na taɓo a ciki. Saura kaɗan in tura sai ga Yaya ya shigo cin abincin rana. Ya ga fuskata, ya zare wayar daga hannuna ya karanta. Ya ce, "Zagin nan ya tsaru, amma ba zai zana miki komai ba. Matar nan tana da rai, hannunta yana jikinta, kuma gobe kasuwa. Me ya rage?" Na daka tsalle har na kusa kifar masa da kwano. Nan take na sanar a shafina cewa gobe da ƙarfe goma zan fito kai-tsaye daga kasuwar Agyaragu, duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na yi wa duniya alƙawarin hannun wata baiwar Allah, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa hannun nan yana da mai shi.

An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, amma muka isa da wuri. Kasuwa ta cika, manyan motoci suna lodi, tsibin doya ko'ina wani har ya kai ƙugun mutum. Na hango Mama na nufe ta da fara'ata, sai na ga ba ta mayar mini ba. Kafin in gama gaisuwa ta tare ni da irin Hausarta.

"Kai ne ya sa ni a waya?"

Na ce, "Ni ce, Mama."

"Ka tambaye ni?"

Ta ce 'yarta da ke karatu a Makurdi ta kira ta tana kuka, wai ga hoton uwarta can ana ta yawo da shi, an zagaye hannunta da ja, mutane suna cewa ba hannun ɗan Adam ba ne. Ta ce tun tana yarinya ake tsokanarta da wannan yatsa, kakarta ce ta hana a cire, a makaranta har waƙa yara suka yi mata. "Shekara nawa ina rufe shi, kai ka zo ka buɗe ma duniya duka. Abeg, me na yi maka?" Sai a lokacin na lura hannunta na hagu yana cikin gefen zaninta. Na kuma tuna cewa kusan kullum haka nake ganinta, da dama take miƙa doya, da dama take gaisawa. Ranar da na zana ta, dariya ce ta sa ta manta.

Na durƙusa a cikin taɓon nan na ba ta haƙuri, kuma ba na fatar baki ba, don hawaye nake yi. Na faɗa mata gaskiyar abin da ya kawo ni, cewa an ce ni maƙaryaciya ce, kuma hannunta ne kaɗai hujjata. Ta ce, "Hannuna ba sinima ba ne." Na ce na ji, na kuma yarda. Yaya ya matso ya nuna mini agogo, goma saura kaɗan. In ban fito ba kowa zai ce na gudu, magana ta ƙare ke nan. Sai na roƙe ta abu guda, ta bar ni in zana fuskarta kawai a gaban mutane, hannu kuwa ba zan nuna ba, ba zan ma ambace shi ba. Sai ta turo mini wani daro da ƙafa ta ce, "Fuska kawai. Kuma ni ba zan bar kasuwana ba, kwastoma ya zo zan tashi."

Na kifa daron na zauna. Yaya ya tsaya a bayana da wayarsa, ya saita ta yadda za a ga Mama, a ga ɗan yatsana, a ga kuma wayar da nake zane da ita. Wato abin da na yi shekara biyu ina ɓoyewa, shi aka fara gani. Mutum tara ne suka fara shigowa, uku daga ciki 'yan gidanmu. Yaya ne mai karanto abin da ake rubutowa, kuma ya ɗauki aikin da zafi kamar mai sharhin ƙwallo a rediyo. Na farko da ya karanto shi ne, "Wai wannan gwangwanin ne sirrin sana'ar?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gumi ya jiƙa ɗan yatsan har gilashin ya daina jin taɓawa, sai na goge a hijabi. Na ja hanci ya karkace, na goge. Na sake ja ya fito irin na wani dattijo, na goge. Duk a gaban jama'a. Sau biyu sabis yana ɗaukewa, Yaya ya so ya hau tsibin doyar wata mata don ya nemo shi, ta kore shi. Mama kuwa ko a jikinta, ta juya nan ta yi ciniki da Tibi, ta juya can ta yi da Hausa, ta ɗaga murya ta kira mai baro da Turancin buroka.

Can sai na ce wa kaina, ke, wannan ai amarya ce da ta ƙi zama, kin saba. Na daina sauraron Yaya, na daina jiran Mama ta tsaya, na koma bin ta da ido duk inda ta juya. Idanun suka fara fitowa. Sai ƙashin kumatu, sai wannan layin da ke sauka gefen bakinta in za ta yi dariya. Ban san lokacin da matan kasuwa suka taru a bayana ba, sai ji na yi wata ta ce, "Kai, shi ne wallahi, har bakin." Ta kira maƙwabciyarta, masu lodi suka ajiye doya suka zo leƙe. Muryar Yaya ta canza. "Sun wuce ɗari. Ke, sun wuce ɗari biyar. Wani ya ce da yatsa take yi, jama'a, da yatsa. Wata ta ce a Kaduna take, ta bar girki a wuta." Daga nan ya daina faɗin lamba don ta fi bakinsa sauri. Wani daɗi ya taso mini tun daga ƙafa. Ɗan yatsana ya kama gudu, ina jefa ratsin ɗaurin kai ina dariya ni kaɗai. Ban taɓa jin daɗin zane irin na wannan rabin awa ba, duk da kowa yana kallon goge-gogena.

Ana cikin haka mai zanen nan da ya ƙaryata ni ya shigo kallon. Yaya, da zumuɗi ya riga ya kwashe shi, ya karanto da ƙarfi kafin ya yi tunani: "Ya ce ya yarda kin iya zane, amma wannan bai nuna ke kika yi wancan ba. Ya ce yatsa shida fa?" Matan da ke bayana sun san hannun Mama sarai, duk suka zuba mata ido. Amsar tana kan harshena, taku biyu ne tsakanina da hujjata. Na ce, "Yaya, faɗa masa ba zan yi maganar hannu ba. Wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba Allah ya sani." Ina faɗa ina jin zanen da na fi so a duniya yana suɓuce mini, don na san gobe cewa za a yi ta kasa amsawa.

Mama ta sallami mai sayen da ke gabanta, ta ce, "Wane ne wannan mai magana?" Yaya ya ce wani babban mai zane ne. "Ya ce yarinya ya yi ƙarya?" Yaya ya ce abin da yake nufi ke nan. Ta miƙo hannun dama ta karɓi wayata, ta ƙura wa fuskarta da ke ciki ido. Ta daɗe, har na fara tsoron ko bai yi mata ba. Ta miƙo mini, ta gyara ɗaurin kanta, sannan ta zaro hannun hagu daga cikin zani ta goge shi a cinya. Ta kamo wuyan hannun Yaya ta jawo wayarsa dab da ita, ta ware yatsunta.

"Oga, kana gani? Oya, ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar." Ta kaɗa ɗan ƙaramin. "Wannan gyara ne, Allah ya ƙara mini. Kai in ka sayi doya ba ka son gyara?"

Kasuwa ta ɗauka. Wata ta rangaɗa guɗa, masu lodi suna buga jikin mota, wani tsoho mai sayar da igiya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Yaya yana ta cewa ba ya ganin komai a wayar, alamun so sun rufe fuskar gaba ɗaya. Ni kuwa na tashi daga kan daro ina tsalle ina kuka a lokaci guda, na rungume Mama da ƙasar doya da komai. Ta ture ni tana cewa zan karya mata kaya, amma ita ma dariya take yi.

Kafin mu iso Lafia an yanko wurin ƙirgar nan ana ta yaɗawa. Mutumin, in ba shi haƙƙinsa, bai ɓuya ba. Ya fito a shafinsa ya ba da haƙuri, ya fara da Mama kafin ni, ya kuma cire hoton da ya zagaye da ja. Babban shafin ya mayar da zanen, wannan karon da bidiyon kasuwa a gefensa. Masu neman in yi musu zane suka dawo, har da waɗanda suka zage ni, ba kunya ba tsoron Allah. Na lura kusan kowa sai ya ce a haɗa masa da bidiyon yadda aka yi, wasu ma shi suka fi ɗoki a kai. Ba komai ne ya gyaru ba. Har yau nakan ci karo da zanen a shafukan da ban sani ba an yanke sunana, kuma akwai wanda ya rantse haɗa baki muka yi da Mama. Na daina kula su.

Ranar kasuwa ta gaba na koma wurin Mama da zanen, an buga shi babba an sa a firam. Na tarar wasu 'yan mata biyu sun taso takanas daga Lafia don su ɗauki hoto da ita, ta ce sai sun sayi doya. Da suka tafi na tambaye ta abin da ya sa ta nuna hannun bayan ta ƙi da farko. Ta ce, "Na ga bakinka yana rawa, kana so ka faɗa, ka ƙi faɗa. Da ka faɗa, da na kore ka da wayanka." Ta karɓi firam ɗin ta juya shi gaba da baya, ta ce 'yarta za ta kai wa. Sai ta ƙara da cewa, "Amma na farko ɗin ka yi laifi. Kar ka manta."

Ban kuwa manta ba. Yau da wannan sana'a nake ci nake sha, kuma masu tasowa sukan tambaye ni yadda ake yi zane ya yi daraja a soshiyal midiya. Jira suke in ce musu na'ura kaza, ko a ɗora da ƙarfe kaza. Abin da na koya a Agyaragu shi ne, kyan zane yana tara jama'a, amma yarda ce ke sa su zauna, kuma mutane ba sa yarda da abin da aka ɓoye musu yadda aka yi shi. Shi ya sa yanzu nake nuna wahalar aikina yadda take. Wanda ya fi wannan nauyi kuwa, fuskar da ke cikin zane ta wani ce, shi zai ci gaba da yawo da ita a gari bayan ni na gama karɓar yabo. Sunan da nake taƙama da shi yau, wata mata ce ta fanso mini shi da abin da ta yi shekara hamsin tana ɓoyewa, ni kuwa ko izininta ban nema ba. Tun daga ranar, ba na ɗora fuskar kowa a shafina sai na je na same shi, na nuna masa, na ji amsarsa da kunnena.